Babi na Shida: Ranar Karɓar Makulli

A ranar 1 ga Oktoban 2014 gwamnatin Birtaniya ta soke wata 'yar takarda mai zagaye wadda ta shekara 93 tana manne a jikin motocin ƙasar. Tun daga Janairun 1921 ita ce shaidar cewa an biya harajin mota. Kowace shekara da launinta, kuma ana buga watan ƙarewarta da manyan lambobi yadda ɗan sanda zai hango tun daga nesa. Gwamnati ta ce kyamarori da kwamfuta sun riga sun karɓe aikin takardar, daina buga ta kuma zai rage wa baitulmali kashe kimanin fam miliyan 10 duk shekara. Jaridu suka yi ta yi mata bankwana, masu tara kayan tarihi suka shiga farautar na ƙarshe-ƙarshe da aka buga.

Hankalin jama'a ya tafi kan takardar, sai wata doka da ta shigo tare da sauyin ta wuce ta gefensu. Kafin wannan rana haraji mota yake bi. Mai sayarwa yakan rubuta a tallarsa cewa akwai sauran wata biyar na haraji a kanta, ya ɗan ƙara farashi saboda haka, mai saye ya karɓi makulli ya kama hanya hankali kwance. Daga wannan rana haraji ya koma bin mutum. Da zarar mota ta canza hannu harajinta ya mutu, ko da jiya aka biya na shekara guda, ko da uba ne ya ba ɗansa ita kyauta. Tsohon mai ita za a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage, sabon mai ita kuwa dole ya biya nasa kafin taya ta taɓa kwalta.

Ba a daɗe ba sakamakon ya fito fili. Ma'aikatar sufuri ta ƙasar tana ƙidayar motocin da ke yawo ba haraji duk bayan shekara biyu. A 2013 sun kai kashi 0.6 cikin ɗari na motocin da ke kan hanya. A 2015 suka zama kashi 1.4, a 2017 kuma kashi 1.8, wato sun ninka sau uku cikin shekara huɗu. Ba duka ne masu gudun haraji da gangan ba. Da yawa mutane ne da suka sayi tsohuwar mota suka tuƙa ta gida bisa al'adar da suka taso suka tarar.

Idan 'yan ƙasa sun ruɗe haka, ina ga baƙo? Ɗalibin da ya zo karatu Coventry daga Zariya, ko ma'aikaciyar jinyar da ta samu aiki a Manchester, sun fito ne daga inda tambayar farko a wajen cinikin mota ita ce ko takardunta ba su mutu ba. Idan da sauran wa'adi a kansu, sai a miƙa su cikin leda tare da makulli, canjin suna ya biyo baya in an samu sarari. A Birtaniya babu wannan sararin. Motar da aka saya da ƙarfe uku na rana, da ƙarfe uku da minti ɗaya ba ta da haraji, ba ta da inshorar da ta san sabon direbanta, kuma tafiyar da za a yi da ita daga ƙofar mai sayarwa zuwa gida ita ce tafiyar da ta fi kowace jefa masu saye cikin matsala.

Komai yana rataye ne a kan wata jar takarda mai suna V5C, wadda hukumar DVLA da ke Swansea a yankin Wales take bayarwa. Ita ce rajistar mota: lambarta, ƙirarta, launinta, girman injinta, yawan hayaƙin da take fitarwa, lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, da sunan wanda take hannunsa. A da shuɗiya ce. An sauya ta zuwa ja daga 2010 bayan da aka sace tarin waɗanda ba a cike ba a 2006, ɓarayin mota suka riƙa amfani da su wajen wanke motocin sata. A saman shafinta na farko an rubuta ƙarara cewa ba shaidar mallaka ba ce, tana nuna wanda ke da alhakin rajista da haraji ne kawai. Shaidar mallaka ita ce rasit, shi ya sa mai hankali ba ya barin wurin ciniki sai an rubuta masa rasit mai ɗauke da sunaye, da farashi, da kwanan wata, da ƙarfe nawa aka yi cinikin. Wannan sa'ar da aka rubuta takan yi rana idan wata tarar gudu ko ta ajiye mota ta ɓullo daga baya, ana jayayyar wa ke riƙe da sitiyari a lokacin.

A jikin jar takardar akwai wani ɗan koren yanki da ake yagewa, V5C/2. Shi ne rabon mai saye a ranar ciniki. Yana ɗauke da lambobi 12, kuma da lambobin nan ake biyan haraji nan take: a shafin gwamnati na intanet wanda ba ya rufewa dare da rana, ko ta layin wayar DVLA, ko a gidan wayan da ke karɓar harajin mota. A waya ba ya cin minti biyar, mutum yana tsaye a gefen motar. Mai sayarwa kuma ya shiga shafin ya sanar da hukuma cewa mota ta bar hannunsa, da lambobi 11 da ke kan babbar takardar. Ya fi kyau a yi wannan a gaban juna.

Mai sayarwar da ya ce takardar ta ɓata, ko tana hanya, ko tana wurin ɗan'uwansa, ya riga ya ba mai saye dalilin juyawa. Ana iya neman sabuwa da fom ɗin V62 a kan fam 25, amma abu ne na makonni, kuma kafin nan motar ba ta da hanyar hawa titi cikin sauƙi. Ga kuma tambayar da ta fi wannan nauyi, wato ko motar tasa ce ma.

Akwai wani tarko da ke kama har masu taka-tsantsan. Gwamnati tana da shafin da kowa zai iya sa lambar mota ya ga ko tana da haraji. Mai saye ya duba a ranar ciniki, ya ga an rubuta tana da shi har zuwa Nuwamba, sai ya saki jiki. Abin da yake gani harajin tsohon mai ita ne, wanda kwamfutar hukuma ba ta kai ga sokewa ba tukuna. Doka ba ta lissafa shi a matsayin nasa ba.

Nawa ake biya? Amsar tana wurin ranar da aka fara yi wa motar rajista, kuma nan ne mai sayen tsohuwar mota zai iya cin riba ko ya ɗauko wa kansa kaya. Motocin da aka yi wa rajista kafin 1 ga Maris 2001 girman inji ake dubawa, an raba su gida biyu a kan iyakar cc 1549. Daga wannan rana zuwa ƙarshen Maris 2017 hayaƙi ake aunawa, an jera motoci rukuni 13 daga A zuwa M gwargwadon giram ɗin iskar kabon da suke fitarwa a kowace kilomita. Daga 1 ga Afrilun 2017 aka sake lale: shekarar farko ce kawai ake lissafi da hayaƙi, bayan nan kusan kowa kuɗi ɗaya yake biya. An fara da fam 140, a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ya kai fam 195.

Wannan ya haifar da abin mamaki a kasuwar motocin hannu. Ɗauki Ford Fiesta mai ƙaramin injin lita ɗaya, wadda wasu nau'o'inta hayaƙinsu bai kai giram 100 ba. Wadda aka yi wa rajista a Maris 2017 ta shekara da shekaru ba ta biyan ko kwabo, sai daga Afrilun 2025 aka ɗora mata fam 20. Irinta sak, wadda ta fito daga masana'anta ɗaya amma aka yi mata rajista bayan mako biyu, fam 195 ta biya a shekarar 2025 zuwa 2026. A ɗaya gefen kuma akwai manyan motoci masu shan mai na bayan 23 ga Maris 2006, waɗanda ake samu da arha a talla saboda masu su sun gaji da su. Harajin wasunsu ya haura fam 700 a shekara, har ya kusa kamo kuɗin da aka saye su. Motar da farashinta na sabuwa ya wuce fam 40,000 kuma akwai ƙarin da take biya na shekara biyar daga shekararta ta biyu, kuma ƙarin yana bin ta zuwa hannun wanda ya saye ta a tsohuwa. Motocin lantarki ma da suke shan iska a da sun shiga layi tun Afrilun 2025. Hatta motar da harajinta sifili ne, kamar wadda ta haura shekara 40 aka sa ta a rukunin motocin tarihi, sai an shiga shafin an cike mata, in ba haka ba a idon hukuma ba ta da haraji.

Ana iya biyan na shekara gaba ɗaya, ko na wata shida, ko a ba banki umarnin cirewa duk wata. Biyan wata-wata yana zuwa da ƙarin kashi 5 cikin ɗari.

Wani ɓangare na tsarin bai yi adalci ba, kuma ya kamata a faɗa. Haraji daga ranar farko ta wata yake farawa, mayarwa kuwa cikakkun watanni kawai ake yi. Idan aka sayar da mota ranar 20 ga Maris, mai sayarwa zai karɓi kuɗinsa daga Afrilu zuwa gaba, na Maris ya tafi. Mai saye shi ma sai ya biya tun daga 1 ga Maris, kwana 19 kafin ya san motar. Wata guda, mota guda, an karɓi haraji sau biyu. Ƙungiyoyin masu motoci irin su AA sun yi ƙorafi a kan haka tun farko, amma ba a gyara ba. A ƙasar da miliyoyin tsofaffin motoci ke canza hannu kowace shekara, kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma kwamfutar da ta iya soke haraji a ranar ciniki ba za ta gagara lissafa kwanaki ba. Kuɗin ma ba titi yake tafiya kai tsaye ba. An kafa asusun hanyoyi a 1920, Winston Churchill ya fara ɗiba daga cikinsa lokacin yana ministan kuɗi a 1926, zuwa 1937 harajin ya koma babban asusun gwamnati kamar kowane haraji.

Kafin shafin ya karɓi kuɗi sai ya tabbatar motar tana da shaidar gwajin lafiya ta MOT, wadda ake yi wa kowace mota duk shekara da zarar ta cika shekara uku, ko huɗu a Ireland ta Arewa. Ita wannan shaidar mota take bi, ba ta mutuwa da ciniki. Tarihinta kuma a buɗe yake ga kowa a intanet, har da nisan tafiyar da aka rubuta a kowane gwaji, abin da ke tona asirin masu mayar da agogon mota baya. Motar da shaidarta ta ƙare ba za a iya biya mata haraji ba. Doka ta yarda a tuƙa ta zuwa wurin gwajin da aka riga aka kama lokaci, in ba haka ba sai a ɗauko ta a bayan babbar mota. Ko a wannan gajeriyar tafiyar inshora wajibi ce.

Laifin haraji kuɗi yake ci. Wasiƙar tarar fam 80 takan zo wa wanda rajista ta nuna bai biya ba. Wanda aka kama a kan titi ana neman fam 30 da ninki ɗaya da rabi na abin da ake bin sa, in ta kai kotu tara na iya kaiwa fam 1,000 ko ninki biyar na harajin. Ma'aikatan hukumar kuma suna zagayawa unguwanni suna sa wa taya mari, kwancewa fam 100. Laifin inshora kuwa har lasin yake ci, kuma ya cancanci hakan.

Dokar da ta tilasta inshorar mota a Birtaniya ta 1930 ce, zamanin da Herbert Morrison yake ministan sufuri. A shekarar mutum sama da 7,000 ne suka mutu a kan hanyoyin ƙasar, alhali motocin gida ba su wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Mota takan kaɗe magidanci, kotu ta yanke diyya, direba ya ce ba shi da ko sisi, iyali su shiga wani hali. Domin wannan iyalin aka yi dokar. Yau tana cikin sashe na 143 na dokar hanya ta 1988, kuma mafi ƙarancin abin da take buƙata shi ne inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna: diyyar rauni ko rai ba ta da iyaka, ta dukiya kuma aƙalla fam miliyan 1.2. Yaron da aka kaɗe ya nakasa yana iya buƙatar kulawa ta shekara hamsin, kuma ba albashin da zai ɗauki wannan. Idan direban ba shi da inshora, ko ya gudu ba a gane shi ba, hukumar MIB da kamfanonin inshora suka kafa a 1946 ce ke biya, ita kuma daga aljihun direbobin da suka bi doka kuɗinta ke fitowa.

A Najeriya hukumar NAICOM ta tsayar da kuɗin irin wannan inshora a kan naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, farashi ɗaya ga kowa, da alkawarin biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A Birtaniya babu farashi ɗaya. Kamfani yana auna mutum ne tare da motarsa: shekarunsa, sana'arsa, unguwar da motar za ta kwana, daɗewarsa da lasin, tsawon zamansa a ƙasar, shekarun da ya yi bai nemi diyya ba, da rukunin motar cikin rukunai 50 da masu inshora suka tsara. Takardar kuma sunayen direbobi take ɗauke da su. Inshorar mai sayarwa ba ta san mai saye ba, ko da sauran wata goma a kanta.

Nan ne ake yawan yin kuskure iri biyu. Na farko shi ne tunanin cewa akwai 'yan kwanakin sassauci bayan saye. Babu ko minti ɗaya. Na biyu na masu wata motar ne a gida, waɗanda inshorarsu ta ba su damar tuƙa motar wani. Wannan damar motar da ba tasu ba kawai ta shafa. Da an miƙa kuɗi motar ta zama tasu, damar ta faɗi. Hatta ɗanɗana mota kafin saye yana buƙatar inshora, kuma mai motar da ya miƙa makulli ga wanda ba shi da ita shi ma ya yi laifi. Dillalai masu gareji suna da nasu tsarin da ke rufe wannan, mutumin da ke sayarwa daga ƙofar gidansa ba shi da shi. Wani abin da ke ƙara ruɗani shi ne cewa a Ingila da Scotland da Wales ba a neman takardar inshora a lokacin biyan haraji, sai a Ireland ta Arewa. Mutum yana iya biya lafiya lau, ya ɗauka ke nan komai ya kammala.

Hukuncin nan take na tuƙi ba inshora fam 300 ne da maki 6 a kan lasin. Kotu kuwa tararta ba ta da iyaka, tana kuma iya hana tuƙi. Cewa ban sani ba ba ta wanke kowa, domin laifi ne da ba a duba niyya a cikinsa. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 ɗin nan kaɗai sun isa a soke lasinsa, ya koma ɗan koyo ya sake jarrabawa biyu. Tabon yana zama a kan lasin shekara huɗu, kamfanoni kuma galibi na shekara biyar suke tambaya, suna tsuga kuɗi a kansa. Tun 2005 'yan sanda suna da ikon ƙwace motar a wurin, kuma suna ƙwace sama da 100,000 a shekara. A Ingila da Wales karɓo ta yana cin fam 192 da fam 26 na kowace kwana, sai kuma an nuna inshora mai inganci. Wadda ba a je nema ba cikin kwana 14 ana iya gwanjonta ko a murƙushe ta. Ba sa'a ce ke sa a kama mutum ba. Kyamarorin da ke karanta lamba suna kan manyan hanyoyi da cikin motocin sintiri, suna tambayar rumbun bayanan inshora cikin ƙiftawar ido.

Saboda haka masu gogewa tun daga gida suke fara aikin. Suna karɓar lambar motar daga mai talla, su sa ta a shafukan kwatanta farashi irin su Confused.com ko Compare the Market, su ga abin da za a caje su kafin su taka ƙafa. Sau da yawa a nan cinikin yake mutuwa, domin ga sabon direba ko sabon zuwa kuɗin inshorar shekara yana iya fin kuɗin motar. Idan farashin ya yi, sai a ajiye shi, a je a duba mota, in an daidaita a biya ta waya a sa lokacin farawa daidai da sa'ar karɓar makulli. Mai wata inshorar da ma yana iya kiran kamfaninsa a mayar da ita kan sabuwar motar. Akwai kuma ta ɗan lokaci, daga awa ɗaya zuwa kusan wata guda, wadda kamfanoni irin su Cuvva da Tempcover da Dayinsure suke sayarwa, wasu manyan dillalai ma suna haɗa mai saye da ta kwana biyar ko bakwai. Tana da wani amfani na daban: tana riƙe mutum kafin ta shekara ta fara aiki. Binciken shafin MoneySavingExpert ya nuna cewa inshorar shekara ta fi arha idan an saye ta kimanin mako uku kafin ranar farawa, ta fi tsada a ranar da ake buƙatarta, domin kamfanoni suna kallon mai zuwa a ƙurarren lokaci a matsayin mai ganganci. Abin mamaki kuma, cikakkiyar inshora mai biyan har ɓarnar motar mutum sau da yawa tana zuwa da arha fiye da mafi ƙaranci, don haka a duba duka biyun.

Fom ɗin inshora yana tambayar me za a yi da motar, kuma wannan layin ya shafi 'yan Najeriya da yawa da suka shiga aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan. Zirga-zirgar gida daban, zuwa wurin aiki guda ɗaya daban. Mai bin gida-gida tana duba marasa lafiya tana buƙatar inshorar da ta haɗa da harkar aiki. Mai kai abinci ko kaya don a biya shi kuma nasa nau'in daban ne gaba ɗaya. Wanda ya zaɓi mai arha ya yi aikin da ba ta rufe ba, ranar da tsautsayi ya faɗa zai tarar kamar bai saya ba. Haka wanda ya sa sunan yayansa mai tsohon lasin a matsayin babban direba alhali shi ke tuƙa motar kullum, wannan zamba ce a dokar ƙasar. Batun lasin ma sai an faɗi gaskiya. Sabon mazauni yana iya tuƙi da lasinsa na gida na wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu da na Birtaniya kai tsaye, don haka kafin wa'adin ya cika sai ya nemi lasin koyo ya ci jarrabawar ƙasar.

Tsadar inshora ita ta buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Suna talla a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp, suna cewa su dillalan inshora ne masu hanyar samo ta a rabin farashi. Sun fi farautar ɗalibai da baƙi, sau da yawa da harshen mutum suke yi masa magana, kuma ta hannun wanda ya yarda da shi suke zuwa. Wani takardar bogi yake bugawa kawai. Wani yakan sayi ta gaskiya amma ya canza shekaru da adireshi don farashi ya sauko, abin da ke ɓata ta tun daga tushe. Wani kuma ya saya da bayanan gaskiya, ya tura wa mutum shaida, bayan kwana kaɗan ya soke ya karɓe kuɗin. Rundunar 'yan sandan tsakiyar birnin Landan tana da sashe na musamman da ke bin irin waɗannan tun 2012, amma wanda aka damfara ba ya tsira daga maki 6 don an damfare shi. Araha ba ta ado. Dillalin gaskiya yana cikin rajistar hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, wadda kowa zai iya dubawa, ba ya kuma cewa a tura kuɗi asusun wani mutum. Shafin hukumar MIB yana nuna ko mota tana cikin rumbun inshora, ko da yake sabuwar inshora takan ɗauki 'yan kwanaki kafin ta bayyana, shi ya sa ake ajiye shaidar a waya don nuna wa ɗan sanda. Kiran kamfanin kai tsaye, da lambar da ke shafinsa, shi ne ya fi tabbatarwa.

Wanda ya sayi mota ba don ya hau yanzu ba, wataƙila tana buƙatar gyara ko yana jiran lasin, yana da mafita ɗaya: ya sanar da DVLA cewa ya ajiye ta ba ta hawa titi, sanarwar da ake kira SORN. Kyauta ce, amma sai motar tana cikin gareji ko filin gida, domin gefen titi ma titi ne. Ita ma ba ta bin mota, sabon mai ita sai ya yi tasa. Tun 2011 duk motar da ba ta da wannan sanarwa dole ta kasance da inshora ko da ba ta motsa ba. Kwamfutocin DVLA da na MIB suna gwama bayanansu, wasiƙar gargaɗi ta fara zuwa, tarar fam 100 ta biyo.

Sabuwar jar takarda mai sunan mai saye takan iso cikin kimanin mako guda idan an yi sanarwar ta intanet, ko mako huɗu idan ta gidan waya aka aika. Idan wa'adin ya wuce shiru, alama ce mai sayarwa bai sanar ba ko an yi kuskure a adireshi. A nan ɗan koren yankin yake sake amfani: a haɗa shi da fom ɗin V62 a aika Swansea, ba a biyan fam 25 ɗin idan yana tare. Adireshin da ke kan takardar nan ne ake aika duk wata tara da sammaci, kuma masu zaman haya da ke yawan sauya gida sukan manta su gyara shi, alhali rashin gyarawar kansa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.